Kwasar bola sau ɗaya a mako: wa zai sa hannu?

Abdul_441:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana tara ke nan kwantenar bola da ke bakin hanyarmu a unguwar Nima, nan Akra, ta cika, ba a zo an ɗauke ta ba. Shara ta zubo har ta cinye rabin titi, mai kokon da ke wajen ta kwashe kayanta ta koma gaba saboda ƙuda. Jiya ina dawowa daga sallar asuba na ga yara uku ɗauke da bokitan shara a ka. Suka iso suka ga babu wurin zubawa, sai suka juya suka nufi kwata. Na buɗe baki zan tsawata musu, na rasa inda zan ce su kai.

Ga shawarata. Mu rubuta takardar koke, mu bi gida-gida a sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, mu kai wa asambiliman ɗinmu, wato kansilan unguwa, da ofishin asambili, wato ƙaramar hukuma. Abu biyu kawai za mu nema. Na farko a tsayar mana da rana ɗaya a mako wadda kowa ya san ranar ake zuwa kwasar shara a ƙofar gida. Na biyu a ba mu wuri a cikin unguwa inda za a riƙa karɓar roba da ledar piya wata daban. Wa ke tare da ni?

Hajiya_Mai_Waakye:
Wa alaikumus salam. Ɗana Abdul, Allah ya yi maka albarka, ni ce ta farko da za ta dangwala. Amma sau ɗaya a mako bai ishi mai sayar da abinci ba. Ganye, ɓawon ƙwai, ragowar taliya, ƙashin kifi, in suka kwana biyu a wannan zafin ba mai iya zama a tsakar gida. Kullum sidi biyar nake ba yaron aboboya, mai kwasar shara da mashin mai ƙafa uku, ran da ciniki ya yi yawa goma. Ka lissafa a wata ka gani.

Sadik_Maamobi:
Ina tare da kai ɗari bisa ɗari. A sa Maamobi a ciki, kwata ɗaya ce ta raba mu kuma ita ce ta haɗa mu.

Baba_Tanko:
Ku yi mini haƙuri, ni tsoho ne, zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Kafin mu kai koken kowa, mu fara kai koken kanmu. Lokacin da muke yara a Ankara, wato Akra, in aka ce 'yan tankas masu duba tsafta sun shigo lungu, kowace mace sai ta bar abin da take yi. Suna sa ludayi a randa su duba, in sun ga tsutsar sauro sai sammaci, shi ya sa ma ake ce musu samasama. Ba wanda ya isa ya zubar da ruwan wanke-wanke a hanya. Yanzu da hadari ya haɗu sai ka ga mutane suna fito da buhunan shara suna jiran ruwa ya sauko su tura a kwata. Da idona na ga an jefa katifa. Wannan ba gwamnati ce ta yi ba, mu ne.

Zee_Kanda:
Baba, da girmanka, gaskiya ka faɗa amma ba ka ƙarasa ba. A zamaninku tuwo a ganye ake naɗe shi, koko a ƙwarya ake sha, ruwa a randa yake. Sharar gida toka ce da ɓawo, akuya ta ci rabi, ƙasa ta ci sauran. Yau ka sayi koko da ƙosai na mutum ɗaya ka dawo da leda huɗu. Kuma gidan da ke da mutum goma a da, yanzu ɗaki goma sha biyar ne, kowane ɗaki da iyali. Matar da ke tura shara a kwata ba ta yi daidai ba, amma ku duba yaran da Yaya Abdul ya gani da asuba. Sun je inda ya kamata, suka tarar a cike. A ba mutane wurin kaiwa tukuna, sannan a kawo samasama, ni da kaina zan nuna musu gidan mai laifi.

Baba_Tanko:
'Yata, na yarda da batun leda. Batun katifa dai ban janye ba.

Injiniya_Sule:
Bari in ɗan faɗi yadda abin ke tafiya, don mu san abin da za mu rubuta. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ɗora kula da tsaftar muhalli a kan asambili. Su kuma asambili suna raba yankinsu su ba kamfanoni kwangilar kwasa. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Maamobi tana Ayawaso ta Arewa. To Sadik, takarda biyu za a yi ke nan, ko da kalmomin iri ɗaya ne.

Abin da mutane ba sa gani shi ne inda sharar ke zuwa bayan ta bar ƙofarka. Cikin Akra babu sauran filin binne shara. Shekaru da yawa Kpone ake kaiwa, can bayan Tema, wurin ya cika har ya kama da wuta a 2019. Akwai masana'antar taki da tace shara a Adjen Kotoku, ita ma ba kusa ba ce. Mota ta ɗauki kwantena, ta shiga cunkoson hanya, ta je ta bi layi, in damina ce hanyar juji ta yi taɓo. Motar da ya kamata ta yi sawu uku sai ta yi ɗaya. Don haka in muka rubuta "a zo kowane mako" kawai, za a ce mana to, a yi sau biyu, a koma gidan jiya. Mu nemi a liƙa jadawalin kwasa a fili, da lambar da za a kira in ba a zo ba, mu kuma nemi a karanta mana abin da kwangilar ta ce game da kamfanin da ya saɓa.

Abdul_441:
Injiniya, wannan ne irin abin da nake nema. Za ka taya mu rubutawa?

Injiniya_Sule:
In sha Allah. Amma a yi ta da Turanci da Hausa, don wanda zai dangwala ya ji abin da yake dangwala wa.

Dan_Aboboya:
Salam. Ni aikin nake yi, shekara shida ke nan, a bar ni in ce wani abu. Kuna ta maganar mota ta zo ƙofar gida. Wace mota ce za ta shiga lungun Nima? Akwai lungun da aboboyata ma ba ta shiga, sai in ajiye ta a bakin titi in ɗauko buhu a kafaɗa. In aka ba babban kamfani wannan aikin, gidajen bakin titi kawai zai yi, na ciki su ci gaba da kiran mu, sannan a ce mu ba mu da izini a kama mana mashin.

Hajiya ta ce sidi biyar ya yi yawa. Mma, wallahi na san ya yi miki yawa, amma ga nawa lissafin. Ina sayen mai, ina ba mai mashin kuɗinsa na rana, in na isa wurin juyewa sai na biya kafin a bar ni in sauke. Tun 2021 aka hana mu hawa babbar hanyar Tema, sai mu zagaya. Ran da wurin juyewa ya rufe, da shara nake kwana a ƙofar ɗakina. Ba zan ɓoye ba, akwai cikinmu masu karɓar kuɗi su je su juye a bakin kwata da dare. Suna ɓata mana suna, kuma mun san su. In za a yi takarda, a sa cewa a yi mana rajista, kowa da lungunsa da lambarsa, a ba mu wurin juyewa kusa. Wanda ya juye a kwata a ƙwace lambarsa.

Wata roƙo ga iyayenmu mata: ku daina haɗa ƙasar shara a buhu. Rabin nauyin da nake ɗauka yashi ne.

Hajiya_Mai_Waakye:
Ɗana, ban san kuna biya a can ma ba. Allah ya sa albarka a nema. Batun yashi na ji, zan gaya wa yaran gida.

Zee_Kanda:
Wannan saƙon na Ɗan Aboboya shi ne ya fi kowanne nauyi a wajena. Yaya Abdul, ka gyara buƙata ta farko.

Nas_Fati:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da zan tuna muku shi ne 2014. Kwalara ta kama sama da mutum dubu ashirin da takwas a ƙasar nan, fiye da ɗari biyu suka rasu, kuma Akra ce ta fi shan wuya. Na yi aiki a lokacin. Gadaje suka ƙare, muna sa wa mutane ƙarin ruwa a kan benci. Akwai yaron da aka kawo mana da safe yana magana, kafin la'asar idonsa ya faɗa. Har yau in na wuce kwantena ta cika kusa da mai abinci sai gabana ya faɗi. Akwai kuma abin da ba a faɗi: cikin baƙar ledar da ake jefawa ba shara kaɗai ba ce, saboda gidaje da yawa ba su da bayan gida. Ruwa ya kwaso, ya ratsa ta kan fayif ɗin da ya fashe, mu sha. Ku sa sunana.

Malam_Awudu:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hadisi ingantacce ne cewa tsarki rabin imani ne, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Muna karanta wannan a makaranta, yaro ya fito ya tsallake kwata mai wari ya shiga gida. Zan yi magana da limaminmu a ba da minti biyar bayan sallar Juma'a, a ajiye takardar a ƙofar masallaci. Sai dai a fara sanar da sarakunan unguwa da magajiyoyi. In suka ji a bakin waje, abin ba zai yi armashi ba.

Rashid_Hamburg:
Gaisuwa daga Jamus. A nan kusan kowace robar ruwa ko gwangwanin lemo da ka saya akwai santi 25 a kai, sai ka mayar da shi cikin inji a shago a ba ka kuɗinka. Shi ya sa da wuya ka ga roba a ƙasa, in wani ya yar wani zai ɗauka. Gida kuma kwandon takarda daban, na ragowar abinci daban, kowanne da ranarsa. Me zai hana a yi haka a gida?

Sadik_Maamobi:
Yaya Rashid, ka manta girman tsakar gidanmu ne? Ina za a ajiye kwando huɗu? Ɗaya ma da aka raba mana wata shekara, sati biyu aka sace, wani kuma ya mayar da nasa na tara ruwa.

Rashid_Hamburg:
Ban manta ba ƙanena, a ɗaki ɗaya muka tashi mu shida. Batun kuɗin nake nufi. In roba tana da kuɗi ba ta kwana a kwata.

Umma_Rabi:
Ai tana da kuɗi yanzu ma, kaɗan ne dai. Surukata tsohuwa ce, ita ke bin bayan masallatai da wuraren suna da biki tana tsince ledar piya wata. Ta wanke, ta shanya, ta cusa a manyan buhuna. Mai saye yana zuwa da sikeli ya auna da kilo, su kai masana'anta a narka. Matsalar ita ce buhunan sai su yi wata a bayan ɗakinta kafin ya zo, mai gida yana ta faɗa, kuma farashin da mai sikeli ya faɗa shi ne, ba ta da wani wurin kaiwa. In wurin karɓa da Abdul ya ce zai samu, a yi shi da waɗannan tsofaffin. Kar a kawo wasu daga waje da riga mai tambari a kore su. Su suka fara aikin tun ba wanda ya san sunansa.

Sannan ku lura, mu 'yan zango mun daɗe muna ware shara ba mu sani ba. Ɓawon ayaba da na rogo da doya ba ma zubarwa, masu tumaki ke zuwa karɓa. Tsohon ƙarfe da tukunyar da ta huje 'yan kwandam ke saye. In aka cire roba, aka cire ɓawo, aka cire yashin da Ɗan Aboboya ya faɗa, abin da ya rage zai iya jiran mako guda.

Injiniya_Sule:
Umma Rabi ta ba Hajiya amsa ba ta sani ba. Abin da ke sa shara wari shi ne danshi. A raba jiƙaƙƙe da busasshe, mako ɗaya ba zai yi tsawo ba ga gida. Masu abinci kam sai an yi musu tsari daban.

Gaskiya_Daci:
Ku yi ta rubuta takarda. A 2017 aka yi alkawarin Akra za ta zama birni mafi tsafta a Afirka, har ma'aikatar tsafta aka buɗe. A 2021 aka ɗora pesuwa goma a kan kowace litar mai da sunan harajin tsafta. Mun biya. Me ya canza a lungunku?

Sani_Newtown:
To kafin nan fa? Ranar tsafta ta ƙasa da aka fara a 2014, Asabar ɗin farko na kowane wata, mu fito mu kwashe kwata mu tara a bakin titi, ba motar ɗauka, ruwa ya zo ya mayar. Kowa ya yi nasa.

Admin_Zango:
Jama'a, a bar jam'iyya a waje don Allah. Wanda ya sake kawo ta zan goge. A koma kan maganar Abdul.

Gaskiya_Daci:
Ba jam'iyya nake yi ba Admin, zafi nake ji. Tambayata ita ce wa zai biya. In an ce kowane gida ya biya a wata, mai gida zai ɗora wa 'yan haya, a fara rigima irin ta kuɗin wuta. Na ga gidan da aka yi shekara ba a gaisawa saboda mita ɗaya.

Hajiya_Mai_Waakye:
Ai muna biya yanzu ma ɗana. A kwantena ana karɓa, aboboya ana biya. Wanda ba ya biya shi ne mai kai wa kwata, kuma ran da ruwa ya shiga ɗaki duk mu ke biya tare da shi. A gidanmu mun yi kamar adashi, kowane ɗaki ya ba da nasa ranar Juma'a, ni ke riƙewa. Shekara biyu ba a yi faɗa ba, sai mutum ɗaya, shi ma da matarsa ta ji kunya ta riƙa kawowa a ɓoye.

Mubarak_Aboabo:
Ina bin ku daga Kumasi. Ciwonmu ɗaya. Rafin da ya ratsa Aboabo in ka gan shi bayan ruwan sama ba ka ganin ruwan sai roba. Namu juji a Oti yake, akwai kuma masana'antar taki a Adagya, amma tsakanin ƙofar gida da can ɗin ne abin ke lalacewa. In kun gama takardar ku turo mana, mu canza suna mu kai namu asambilinmu na Asokore Mampong.

Umma_Rabi:
Tunda Hajiya ta ambaci ruwa. Daren ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ƙanena yana Circle, babbar mahaɗar hanyoyi ta Akra, yana dawowa daga aiki. Ya so ya fake a gidan man nan, ya ga mutane sun yi yawa, sai ya hau saman wata baranda can gefe. Abin da ya raba shi da wutar da ta tashi a gidan man ke nan. Sama da mutum 150 suka tafi a daren. Mun kwana muna kiran wayarsa ba ta shiga, mahaifiyarmu tana zaune a kan gado ruwa har gwiwa. Kwatarmu kogin Odaw take faɗawa, Odaw ta bi ta Circle ta shiga tafkin Korle. Ledar da aka jefa a Nima ba ɓacewa take yi ba, gaba take yi ta toshe wa wani. Shi ya sa ba na iya ɗaukar wannan maganar da wasa.

Baba_Tanko:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan su. Abdul, ka zo gida ka same ni, ni zan raka ka wurin sarki. Amma ina da sharaɗi: a sa a takardar cewa mu ma mun ɗauki alkawarin ba mai zubawa a kwata, kuma mun yarda a ci tarar wanda ya yi.

Zee_Kanda:
Baba, na yarda a sa, amma tarar ta fara bayan an cika wata uku ana zuwa kwasa ba fashi.

Baba_Tanko:
Wata uku ya yi yawa. In damina ta riga mu fa?

Injiniya_Sule:
A bar wannan sai an zauna. Wani abin da za mu iya ambata shi ne aikin GARID, wanda Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 200 a 2019 don magance ambaliya a yankin Odaw. Nima tana cikin unguwannin da aka zaɓa, kuma kula da shara yana cikin aikin. Za mu iya cewa kwatar da aka kashe kuɗi aka gyara ba za ta daɗe ba in ba a kwashe shara daga gidaje.

Gaskiya_Daci:
Zan sa hannu, amma ba zan yarda da kuɗin wata ba sai na ga adadin a rubuce.

Dan_Aboboya:
Na yi magana da mutum bakwai cikin abokan aikina, biyar sun ce za su zo. Biyu suna tsoron rajista, suna ganin hanyar karɓar haraji ce. Kuma a tuna da Babbar Sallah. Kwana ukun nan tumbi da ƙaho da jini sun fi ƙarfin sau ɗaya a mako.

Abdul_441:
Na gode ƙwarai. Na gyara ta farko: rana tsayayya a mako, mota a bakin titi, 'yan aboboya masu rajista a lungu, da ƙarin kwasa a makon Sallah. Ta biyu na ƙara cewa masu tsintar leda na unguwa su ne za su riƙe wurin karɓa. Batun tara da batun kuɗi na bar su a buɗe. Lahadi bayan la'asar a makarantar Malam Awudu. Umma Rabi, don Allah ki zo da surukarki in za ta iya.

Sadik_Maamobi:
Mu na Maamobi fa, mu zo nan ɗin ko mu yi namu zaman?

Hajiya_Mai_Waakye:
Ku zo mana. Amma Abdul, har yanzu ba ka ce komai a kan masu abinci ba, kuma kwantenar nan tana nan yadda ka bar ta. Wa zai kira masu kwasa gobe?